Sunan da Muka Ce Ba Mu Ji Ba

Tun ranar da aka ce za a buga kalandar cikar ƙungiyarmu shekara hamsin, zauren da muke hira a cikinsa ta waya bai sake zama lafiya ba. Tsofaffin da a da sai su yi wata ba su ce uffan ba, in ban da "amin" a ƙarƙashin sanarwar rasuwa, duk suka farfaɗo. Kowa sai ya danna ya riƙe, ya zubo saƙon murya mai tsawon huɗuba, rabinsa tari da gyaran murya, a ƙarshe abin da yake son faɗa shi ne a gabansa aka kafa ƙungiya. Na zauna na ƙirga waɗanda suka rantse suna cikin rumfar da aka yi zaman farko, na samu sun haura talatin. Rumfar nan ta tela ce, a bakin tashar Jibiya, in mutum shida suka zauna a cikinta sai na bakwai ya tsaya a rana.

Ni dai ina ciki, kuma ni na riƙe biro, don ni ne magatakarda. Saboda haka a yi haƙuri in faɗi yadda aka yi, har da inda ba na so a ji.

Yaran yanzu gani suke su suka ƙirƙiro abota da mutumin da ba ka taɓa gani ba. Mun riga su, da rediyo muka yi tamu. Shekarun nan ne kuɗin man fetur suka faɗo wa ƙasa ba shiri. Ma'aikata suka karɓi ariyas, wato ƙarin albashin da aka tara musu, malamin makarantar da jiya yake ɗaure tayar kekensa da tsumma yau ya hau babur. A Jibiya kuwa ba sai kana aikin gwamnati ba. Iyaka tana nan kusa, siminti da atamfa suna fita Maraɗi, wake da dabbobi suna shigowa, wanda bara yake tallan goro bana sai ka ji ana ce masa Alhaji. Abin da kowa ya fara saya kuma rediyo ne. Ana rataya shi a kafaɗa a shiga kasuwa da shi, har riga ake ɗinka masa, mai baki da leshi. Telanmu da rigunan rediyo ya yi aurensa na fari.

Akwai shirin gaishe-gaishe da ake yi bayan la'asar. Za ka sayi kati, ka rubuta sunanka da garinku, ka jero mutanen da kake gaisarwa, ka zaɓi waƙa, ka jefa a gidan waya. In Allah ya ba ka sa'a, wata rana mai gabatarwa ya karanta, duk ƙasar Hausa ta ji. In ka ji sunan wani daga Gusau ko Nguru ko Damagaram yana yawan fitowa, sai ka sa shi a katinka, shi ma ya sa ka a nasa, shi ke nan kun zama aminai. Na yi shekara bakwai ina gaisawa da wani mai gyaran agogo a Gashuwa, har na sa wa ɗana sunansa, ban san fari ba ne ko baƙi.

Da rediyo ya yi yawa, katuna suka yi yawa, aka ce buhu-buhu suke isa gidan rediyo. Nan shugabanmu ya yi dabara. Alhaji ne mai gingimari biyu, da haƙorin Makka da yake dariya don a gani ko ba a faɗi abin dariya ba. Ya aika Kano aka sassaƙo mana hatimi mai sunan ƙungiya, ya ce in mai gabatarwa ya zura hannu a buhu, katin da ke da hatimi zai fara ɗauka. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, namu dai suna fita. Daga nan hatimi ya zama sarauta, sarauta kuma sai da doka. Shugaba ya faɗa, ni na rubuta a littafi da hannuna: ba ka zama ɗan ƙungiya sai an ji sunanka a rediyo, kuma 'yan ƙungiya biyu sun shaida sun ji. Doka ta biyu, ba a buga hatimi sai a katin ɗan ƙungiya. Wato in kai baƙo ne, hanyarka ɗaya ce, wani a cikinmu ya gaishe ka a katinsa, a karanta.

To, a nan gizo yake saƙar, don mu ba ma jera gaisuwa yadda muka ga dama. Da girma ake jerawa. Shugaba a sama, sai mataimakinsa, sai mai babur, sai mai keke, sai mai tafiya a ƙasa. Mutum zai cusa suna goma sha biyar a katin da bai fi tafin hannu ba. Shi kuma mai gabatarwa ba bawan kowa ba ne, in ya karanta huɗu ko biyar sai ya ce "da sauransu", ya saki waƙa. Kowa ya san haka, amma ban taɓa ganin wanda ya yi ƙarfin halin sa talaka a saman Alhaji ba.

Akwai wani ɗan dako, mutumin wani ƙauye ne a bayan Maraɗi. Shekarun fari suka cinye masa shanu ya tsallako. Magidanci ne, ya girme ni, yana da mata da uwa a can gida. Yana bin gingimarin Shugaba zuwa Katsina sau biyu a mako, ya yi lodi ya yi sauke. Da yake a Katsina ake sayen kati, a can kuma muke jefawa, sai aikin ya zama nasa. Shi zai sayo, shi zai mayar, a wata jakar fata da yake ɗaurawa a cikin riga. Duk sunan da aka taɓa ji daga Jibiya a shekarun nan, a ƙirjin mutumin nan ya yi tafiya. Ba a biyansa ko sisi. Ladansa shi ne kowa yana sa sunansa a kati, a can ƙasa, inda hatimi yake taka rabinsa.

Shekara uku yana wannan. In lokacin shiri ya yi yana gari, zai sauke buhun da ke kansa ya tsaya a bakin rumfa, a rana, yana sauraro da baki a ɗan buɗe. Da mai gabatarwa ya ce "da sauransu", sai tela ya ɗago daga kan keken ɗinki ya ce, "Ga naka nan ya fito." Mu kwashe da dariya, shi ma ya yi, ya ɗauki buhunsa. Bai yi boko ba, ba zai iya rubuta wa kansa ba. Ko ya iya ma, ba hatimi. Wata rana ya same ni ni kaɗai ya ce, "Malam, ni ba don komi ba. Tsohuwata tana zuwa gidan maigari jin rediyo. In ta ji sunana sau guda, ta san ina nan da rai cikin mutane."

Ina so in ce tausayi ne ya sa na yi abin da na yi, amma ƙarya ba ta da amfani ga mai furfura. Haushi ne. Shugaba ya ɗauki sabon direba, ya ce daga yau sunan direban ya hau kan nawa a jerin gaisuwa, ni da nake rubuta katin kowa. Na koma na shida, wato na faɗa cikin "sauransu". Sai Shugaba ya yi tafiya ya bar hatimi a aljihun keken tela. Na faki idon tela ya tafi alwala, na zaro, na kira ɗan dako bayan rumfa. Na rubuta sunansa a matsayin mai aikowa, wanda shi ba a tsallake shi. Na ce wa zai gaisar. Ya ce tsohuwarsa, da mai ɗakinsa. Sai ya ƙara da cewa a sa Alhaji da tela, kada su ji ba daɗi. Na so in mare shi, amma na rubuta. Na hura wa hatimi iska na danna, na miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu.

Bayan kamar mako uku aka karanta. Ranar yana hanyar Katsina da katunanmu a ƙirji. Mu shida muna rumfa, Shugaba ya dawo, yana kan kujera mai hannu da ake ajiye masa. Mai gabatarwa ya faɗi sunan mutumin nan cikakke, da na mahaifinsa, ya ce daga Jibiya, ya gai da tsohuwa, ya gai da mai ɗaki, ya gai da Alhaji a layi na uku, a bayan mata biyu, sannan ya saki goge. Keken tela ya tsaya. Shugaba ya miƙa hannu ya murɗe rediyo.

"Wa ya taɓa hatimi?"

Ba sai an tanka ba, mutum ɗaya ne mai biro a rumfar. Ya dube ni, sannan ya gyara zama.

"Ni dai ban ji komai ba," in ji shi. "Tela, ka ji wani abu?"

"Batir ya yi sanyi, Alhaji. Shuu kawai nake ji."

Haka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa kunnensa ya toshe. Ni ya bari a ƙarshe. A lokacin ya yi mini alkawarin aikin akawu, in riƙa bin takardun motocinsa a bakin iyaka, aikin da ya fi albashin gwamnati. Na riga na gaya wa gidan su yarinyar da nake nema.

"Magatakarda fa?"

"Ban ji ba, Alhaji."

"Madalla. Abin da ba a ji ba, ba a yi shi ba." Ya kunna rediyo, ana tsakiyar gogen ɗan dako, muka zauna muka saurara har ya ƙare.

Washegari mutumin ya iso wurina da sauri, ko ƙurar siminti bai kakkaɓe ba. Wani mai shayi ya ce masa cikin hayaniyar tasha ya ji kamar an ambaci sunansa. Ya ce, "Malam, an karanta?" Na ce masu irin sunansa suna da yawa, mu da muke zaune a gaban rediyo ba mu ji ba, ya ƙara haƙuri. Ya yarda. Me zai hana shi yarda? Mu ne masu rediyo, mai shayi kuwa kowa ya san shi da surutu. Daga nan kullum aka gama shiri in ba ya nan, sai ya zo ya ce, "Malam, yau hwa?" In ce tukuna. Ya yi wata biyu yana tambaya. Rannan sai ya kwance jakar fatar daga cikin rigarsa ya ajiye a kan keken tela, ya ce a nemi wani, shi ya bar ɗaukar kati. Shugaba ya ce ƙoshi ne ya yi masa yawa. Da damina ta yi kyau ya koma ƙasarsu. Ni kuma na samu aikin, na yi auren, sunana ya koma na huɗu.

Ƙungiya ba ta mutu ba. Daga kati muka koma buga waya a shiri, daga nan muka koma zauren nan na waya, inda yanzu akwai mutum ɗari da wani abu, yawancinsu 'ya'ya da jikoki. Shugaba ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Jikansa ne mai kula da zaure, shi yake sa mutum shi yake cirewa, kuma wallahi in ya cire mutum har ina ganin ƙyallin haƙorin kakansa. Shekarun baya wani ya gamu da ɗan dakon a wajen ɗaurin aure a Maraɗi, ya tarar ya tsufa, ido ya tafi, sai ya karɓo lambar 'yarsa aka jefa a zaure. Ita take kunna masa saƙonni. Ba ya magana, sai barka da salla sau biyu a shekara.

Da maganar kalanda ta taso, jikan Shugaba ya tono tsohon littafin doka a akwatin kakansa, ya ɗauki hotonsa ya turo, ga rubutuna nan ɓaro-ɓaro. Ya ce hoton wanda sunansa ke littafi kaɗai za a sa a layin waɗanda suka kafa. Nan fa aka ɓarke da hirar zamanin da. Wani ya ce shi ya fara sayo batir. Wani ya ce mai gabatarwa ya taɓa kwana a gidansu. Wata Hajiya ta ce a zamaninsu gaisuwa tana da daraja, ba irin ta yanzu da ake turo fure mai ƙyalli da asuba ba, alhali ita ce ta fi kowa turowa. Kowa yana cewa a da akwai zumunci, a da ba a raina kowa, a da ƙungiya uwa ɗaya uba ɗaya ce. Na yi ta jin wannan ina tuna ɗan dako.

Ana cikin haka 'yar ɗan dakon ta rubuto, da ladabi, ta ce Baba yana tambaya ko za a sa hotonsa, don ta kai shi a ɗauka. Jikan Shugaba ya ce, "Baba Magatakarda, yana cikin littafi?" Na duba hoton littafin da na san abin da ke cikinsa, na ce babu. Ya ce to a ba Baba haƙuri, doka ce. Ta ce ba komai, sun gode. Karo na biyu ke nan na yi masa, kuma wannan karon ba aikin akawu a gabana, ba Alhaji a kan kujera. Kunya ce kawai, kada a ce to me ya sa ka yi shiru shekara hamsin.

Telanmu yana nan da rai, ya haura tamanin, kunne ya yi nauyi. Shi a wurinsa zaure gidan rediyo ne kuma shi ne mai gabatarwa: yana aikawa, ba ya sauraron na kowa, rubutu kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Bai san an yi wannan tambaya ba, bai ma san mutumin yana zauren ba. Da hantsi, kwana biyu bayan nan, sai ga saƙonsa. Ya ce bari ya ba yara labarin da za su yi dariya, su san Alhaji namiji ne. Ya kwashe komai ya faɗa, da hatimin da aka sata, da gogen, da batirin da ya yi sanyi. Yana yi yana shaƙewa da dariya. Ya ce, "Har Magatakarda da ya rubuta katin da hannunsa, aka tambaye shi ya ce bai ji ba. Mutumin nan ya yi ta zarya, Malam yau hwa, Malam yau hwa." Har muryarsa ya kwaikwaya.

Kafin jikan Shugaba ya farga ya goge, mutum sittin sun saurara. Zauren da ba ya minti biyar shiru ya yi tsit. Masu yabon zumuncin zamanin da duk suka ɓace, ko fure ba wanda ya turo.

Wajen azahar saƙo ya shigo daga lambar Nijar. Na ji muryar 'yar tana cewa, "Yi magana, Baba, yana ɗauka." Sai muryarsa, ta tsufa amma ita ce.

"Salamu alaikum jama'a. Ni da Malam Magatakarda nike. Malam, tela mai wasa ne tun da. Kai nika tambaya. An karanta?"

Na ajiye wayar na yi alwala na yi salla, na dawo tana nan inda na bar ta. Na danna na ce, "An karanta, yaya. Sunanka da na mahaifinka. An gai da tsohuwa, an gai da mai ɗakinka, an sa maka goge. Na ji da kunnena, na ce ban ji ba."

Jikan Shugaba, da yake jinin doka ne, nan take ya rubuto cewa shaidu biyu sun cika, tela da Magatakarda, saboda haka Baba ya zama ɗan ƙungiya, a turo hoto. Har da alamar tafi ya sa.

Tsohon bai bi ta kan hoto ba. Saƙonsa na biyu ya fi na farko tsawo.

"To, alhamdu lillahi. Ashe ya kai. Malam, ni katin nan ban sa shi cikin jaka tare da na mutane ba. Cikin hula na sa shi, don in riƙa jin shi bisa kaina. Mota ta mutu muna bisa hanya, muka sauka muka tura, hula ta hwaɗi na ɗauka. Da na zo gidan waya na zuba duka, na kasa tunawa ko na hiddo shi ko ban hiddo ba. Da kuka ce ba a karanta ba, na ce lalle ni na yada shi. Ran da ba lodi na bi hanyar da ƙahwa, ina duba gehe da gehe, har inda muka tura mota. Sau ukku na je. Shi ya sa na maido muku jakarku, na ce wanda ya yada nashi wata rana zai yada na Alhaji. Tsohuwa kuwa ban taɓa yi mata zancen ba har ta rasu, ita ma ba ta yi mini ba, ban sani ba ko ranar ta je gidan maigari." Ya tsaya ya yi numfashi. "Na daɗe ina son in roƙe ka gahwara, Malam, ka yi kasada ka yi mini rubutu ni kuma na yasar. To yanzu ba sai na roƙa ba."

Na danna zan ba shi amsa. Ni da na rubuta wa gari guda gaisuwa, na riƙe wayar a bakina ban sami kalma ɗaya ba. Yatsana ya gaji ya saki, saƙon ya tafi haka nan, ba komai a cikinsa sai numfashina da kukan akuyar maƙwabta. Jim kaɗan alama ta nuna 'yarsa ta kunna masa.